Ranar da Sarki Tunau Ya Sallami Baƙinsa

A zamanin Sarki Tunau ɗan Barmo, tsibirin Kurmaje ba shi da zinariya, ba shi da gishirin kirki, ƙasar nomansa kuwa mai saurin tafiya zai ratsa ta kafin tuwo ya huce. Abin da Allah ya ba shi shi ne farin yashi, da itatuwan kwakwa, da wata maɓuɓɓugar ruwan zafi a gindin dutse wadda ake cewa tana maganin sanyin ƙashi, sai kuma manyan kunkurayen teku da ke haurowa su yi ƙwai a ƙarshen iskar gabas. Domin waɗannan ne attajirai da 'ya'yan sarakuna suke tsallako teku kowace shekara, su jiƙa ƙafa, su kalli kunkuru, su koma gida su ba da labarin har abin da ba su gani ba. Da baƙin nan mutanen tsibirin suke ci suke sha, saboda haka a kan baƙo suka gina mulkinsu gaba ɗaya.

Dokarsu ta farko ita ce, duk wanda ya taka yashin Kurmaje ya sha ruwan ɗanyar kwakwa daga hannun Sarkin Baƙi, to ya zama baƙo. Ba a tambayarsa abin da ya kawo shi, ba a ɗaga masa makami ko da uwar sarki ya zaga, har sai an sallame shi, wato a miƙa masa busasshiyar kwakwa hannu da hannu a ce ya gaida gida. Ɗaya dokar ta shafi sarki ne. Idan iskar gabas ta zo ta wuce a zamaninsa ba baƙo, a yi masa uzuri. Idan ta sake zuwa ta wuce haka, a sa shi cikin kwalekwale da goran ruwa, ba filafili, a tura shi teku. Mutanen Kurmaje ba sa kiran wannan kisa. Rakiya suke ce masa.

Tunau ya riga ya cinye uzurinsa bara. Bana kuma iska ta yi nisa, masaukan baƙi sun cika da tsaka da gizo-gizo, ko mai tallan allura bai leƙo ba.

Ana cikin haka sai wata safiya ƙaguwa ta fito daga teku jingim, ta bi hanyar fada, har cikin zauren sarki. Masu duba suka buga ƙasa suka ce baƙi na tafe, masu yawa. Kafin la'asar kuwa sai ga manzo a ƙaramin jirgi daga Bargazo, babbar daular da ke can gaɓar teku. Aka kai shi gaban sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa.

“Allah ya ja zamanin Zaki,” in ji manzo. “Kaura Bagudu, sarkin yaƙin Bargazo, yana gaisuwa. Ciwon gwiwa ya hana shi sakat. Ya ji labarin ruwanku, yana neman izini ya zo ya jiƙa ƙafa, ya kuma ga kunkurayen nan kafin ya mutu.”

Sarki ya gyara zama. “Shi da mutum nawa?”

“'Yan rakiya ne kawai, ranka ya daɗe. Suna bayan duwatsun mashigin tsibirin nan suna jira.”

Aka aika mutum ya hau dutse ya duba. Ya dawo ya ce ya ga jirage, amma bai ga inda suka ƙare ba.

Nan take aka kira majalisa. A dama da sarki Madawaki Nomau ya zauna, shugaban mayaƙa. Sarautar tasa aro ce daga ƙasashen tudu, domin tun da aka halicci tsibirin doki bai taɓa taka shi ba. A hagu Sarkin Baƙi Anaruwa, dattijo mai fara'a, wanda rashin baƙi ya ramar da shi kamar mai jinya. A bayansu kuma, kan tabarmarta, Magajiya Kyallu, shugabar masu zaɓen sarki, ƙanwar mahaifin Tunau. Ita ta goye shi yana jariri, kuma a gidanta ake ajiye kwalekwalen nan.

Madawaki ya fara magana. “Zaki, Allah ya ba ka nasara. Masuntanmu da ke zuwa gaɓa sun daɗe suna faɗa mini, tun bara jiragen Bargazo ke tare duk mai niyyar zuwa nan, suna ce masa annoba ta cinye mu. Wanda ya hana mu baƙi shi ne yau ya zo a baƙo. Ya bar mu da yunwa ne don mu buɗe baki. A rufe mashigi, a bar shi da gwiwarsa.”

Anaruwa ya ɗaga hannu sama. “Subhanallahi! A rufe mashigi? Ranka ya daɗe, tun kakannin kakanni ba a taɓa jin wannan a Kurmaje ba. Madawaki da bai san ko doki ƙwai yake yi ba, shi zai koya mana halin mutanen tudu?”

“Ban san doki ba, Sarkin Kwakwa,” in ji Madawaki, “amma na san mai ciwon gwiwa ba ya tafiya da maƙera. Wanda ya hau dutse ya jiyo ƙarar maƙera daga jiragen nan.”

“Wataƙila sandar dogarawa suke ƙera masa.”

Wasu suka yi dariya, sarki bai yi ba. Madawaki ya matso gaba ya durƙusa.

“To idan dole sai sun sauka, Zaki, ga shawara. Su sha ruwan kwakwarsu, mu fita hakkin al'ada. Da sun gama sha, ka sallame su gaba ɗaya, kafin su warware kayansu. In sun zo da alheri ba abin da ya same su, in kuwa da sharri suka zo, hannunmu a sake yake.”

Sarki ya waiwaya. “Magajiya, me dokar ta ce?”

Magajiya ta tauna goronta ta gama, sannan ta amsa. “Sarkin Baƙi ɗaya-ɗaya yake sallama, hannu da hannu. Sarki shi kaɗai ke da ikon sallamar jama'a a dunƙule. Ya fasa busasshiyar kwakwa a kan dutsen ƙofar fada, a buga tambari, shi ke nan, duk baƙon da ke tsibirin ya zama bare. An taɓa yi, zamanin da wasu fatake suka kawo cutar agana.” Ta dubi sarki. “Sai dai baƙon da aka sallama kafin ya ga kunkuru sun hauro, a wurinmu kamar bai zo ba ne. Ba ma lissafa shi.”

Kowa ya san kunkurayen sun kusa, kuma kowa ya san idan suka hauro suka koma iskar gabas ta ƙare.

Sarki Tunau ya daɗe yana kallon ƙaguwa ɗaya da masu shara suka manta a gindin ginshiƙi. Can ya ɗago kai.

“Ya ku manyan Kurmaje, ubana bai taɓa rufe mashigi ba, ubansa ma haka. Ba ni ne zan fara zargin baƙo tun bai sauke kayansa ba. Wanda ya zo da ciwo a ba shi ruwa, wanda ya zo da ido a nuna masa ƙasa. Sarkin Baƙi, a share masaukai. Madawaki, mutanenka su juyar da tsinin masunsu ƙasa, kamar yadda aka saba. Na gama.”

Fadawa suka ɗauka, “Gaskiyarka, Zaki! An gaishe ka, mai masaukin duniya!”

Da jama'a suka watse, sarki ya tsayar da Magajiya a soron ciki.

“Gwaggo, tsakaninki da Allah, in abin ya kai ga haka, za ki tura ni?”

“Na tura ƙanen ubanka, Tunau, kuma ya fi ka ladabi.” Ta gyara mayafinta. “Na sa an toshe ɓarakar kwalekwalen tun watan jiya. Ba na son ka jiƙe.”

Washegari masunta suka ja jiragen Bargazo ɗaya bayan ɗaya ta cikin mashigi, siririyar hanyar ruwa tsakanin duwatsu wadda in ba ɗan ƙasa ba ba mai iya bin ta. Anaruwa ya tsaya a bakin yashi cikin rigarsa ta ado yana shayar da ruwan kwakwa har hannunsa ya kumbura, bakinsa bai daina murmushi ba. Baƙin duk ƙarti ne, ba tsoho ba mace, kowa da doguwar tabarma naɗe a kafaɗa. Kaura Bagudu ya sauko ƙarshe, gajere mai faɗin ƙirji, yana ɗingishi da ƙafar dama. Ya sha, ya yi hamdala, ya yaba zaƙin ruwan.

A kwanakin da suka biyo baya Anaruwa ya yi abin da ya fi iyawa a duniya, ya zaga da baƙi. Ya kai su ruwan zafi, suka tsoma yatsa suka fito. Ya kai su yashin kunkuru, suka yi hamma. Amma da ya kai su ganuwar da ke kan dutse, inda Kurmaje ke ajiye hatsi da kibau, sai ga su sun farfaɗo.

“Baba Sarkin Baƙi,” in ji Kaura, “wannan ƙaramar ƙofar fa, ina ta ɓulle?”

“Ai ka yi tambaya mai kyau! Ta nan Sarki Gajere ya gudu shekarar gobara. Tana fita ne bayan rumbuna kai tsaye, kuma ba ma kulle ta, don tarihi.”

“Ikon Allah. Masu gadin fa, yaushe suke cin abinci?”

Anaruwa ya faɗa masa, har da abin da suke ci. Da yamma ya je fada yana rawar jiki, ya ce tun da ya hau sarauta bai taɓa ganin baƙi masu son tarihi irin waɗannan ba. Madawaki ya ce shi abin da ya gani shi ne ɗingishin Kaura ya koma ƙafar hagu. Sarki ya ce ciwon ƙashi yawo yake yi. Daga nan ya aika a duba yashi ko kunkuru sun fara leƙowa. Ba su fara ba.

Ranar kasuwa da hantsi, lokacin da masu gadi suka sa hannu a akushi, mutanen Bargazo suka warware tabarminsu. Takubba ne a ciki, sababbi. Wasu suka bi ta ƙofar Sarki Gajere suka kama rumbuna, sauran suka yi jerin gwano suka nufo fada ta tsakiyar kasuwa.

Madawaki ya tare su da mayaƙansa a bakin rijiyar kasuwa, kuma mayaƙan Kurmaje sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Sai dai tsinin masunsu yana kallon ƙasa, haka kuma ya ci gaba da kallo. Madawaki ya yi tsawa, ya zagi iyayensu ɗaya-ɗaya, ba wanda ya ɗaga. Shi kansa da ya kai hannu ga takobinsa, hannun ya tsaya a kube. Suka jera garkuwa suka tsaya kamar katanga, ana sara suna karewa, wanda ya faɗi na bayansa ya maye gurbinsa. Mu masu rubuta tarihi, da ba mu taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami tsini ba, mun fi kowa sanin yadda ya kamata a yi ranar. Su dai abin da aka raine su a kai suka yi.

Sai ga Anaruwa da gudu, rawani ya warware, kwandon busasshiyar kwakwa a ka. Ya kutsa tsakanin garkuwoyi ya tsaya gaban wani ƙato mai takobi a sama, ya miƙa masa kwakwa.

“Ka gaida gida, ɗana!”

Mutum in an miƙo masa abu hannunsa kan karɓa tun kansa bai yi shawara ba. Ƙaton ya karɓa. Kafin ya duba abin da ke hannunsa masun mayaƙan Kurmaje sun taru a ƙirjinsa. Anaruwa ya wuce na gaba. “Ka gaida gida! Kai ma ka gaida gida!” Haka dattijon ya riƙa ratsawa, mayaƙa na binsa a baya kamar masu girbi, har sai da Kaura ya gane abin da ke faruwa.

“Kada wanda ya karɓi kwakwa!” ya daka tsawa. “Duk wanda ya karɓa ni zan kashe shi!”

Anaruwa ya miƙa wa na gaba, ya noƙe. Ya miƙa wa wani, ya ja da baya. Dattijon ya tsaya cikin mamaki na gaske.

“Haba Kaura, wannan ai rashin tarbiyya ne. Ana ba ka guzuri kana—”

Bai ƙarasa ba. Ya faɗi a kan kwandonsa, kwakwa ta gangara cikin ƙafafun mutane.

Madawaki ya bar mataimakinsa a kan jama'a, ya ruga fada, jini na zuba daga kafaɗarsa. Ya tarar da sarki tsaye a ƙofar fada gaban dutsen sallama, da busasshiyar kwakwa a hannu. Ashe tun da aka fara jin ihu yake tsaye a wurin. Magajiya na zaune a inuwa, makaɗin tambari na gefe da gula a hannu yana jira.

“Zaki, fasa ta.”

“Nomau, masunta sun ce sun ga kawunan kunkuru jiya a bayan duwatsu. Yau ko gobe ne. Ba za ku iya daurewa ba har su hauro?”

“Za mu iya, ranka ya daɗe. Sai dai ba za a sami wanda ya rage ya nuna wa baƙin ba.”

“Anaruwa fa?”

“Ya rasu. Yana koya musu ladabi suka sare shi.”

Sarki ya juya kwakwar a hannunsa. Daga kasuwa ana jiyo ƙarar ƙarfe a kan fatar garkuwa, da kukan mata, ga hayaƙi ya fara tashi ta wajen rumbuna. Ya dubi Magajiya.

“Gwaggo, ba wata ƙofa?”

“Da akwai, da ni zan fara nuna maka.”

Tunau ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda ake yi a ranar naɗi. “Ya ku baƙin Kurmaje, mun shayar da ku, mun nuna muku ƙasarmu, ba mu ɓoye muku komai ba. Zamanku ya ƙare. Ku gaida gida!” Ya maka kwakwar a kan dutse ta tarwatse, tambari ya amsa.

Waɗanda suka ga abin sun ce tsinin masu ya tashi sama lokaci guda, kamar ciyawa in iska ta juya. Mutanen da suka sha sara tun hantsi ba su rama ba, yanzu suka rama duka har da ƙari. Suka kora mutanen Bargazo daga rijiya zuwa layin masu kifi, daga nan zuwa cikin kurmin kwakwa, inda baƙo ba ya sanin gabas. Waɗanda suka kama rumbuna aka biyo su ta ƙofar Sarki Gajere, domin su ma ba su kulle ta ba. Wasu suka faɗa ruwan zafi a guje, suka tarar ya fi yadda aka ba su labari zafi. A bakin teku kuma ruwa ya janye, manyan jiragen suka zauna a kan yashi kamar shanu, masunta suka kewaye su a kwalekwale da wuta a bakin kibiya.

Kaura Bagudu, wanda gwiwoyinsa biyu suka warke a ranar, ya kai ga jirgi ɗaya da ke cikin zurfi, shi da waɗanda suka iya gudu irin nasa. Ya fita ta mashigi ba tare da ja-gora ba, domin marigayi Anaruwa ya nuna masa kowane dutse da sunansa.

Kafin la'asar an gama. Jama'a suka ɗauki Sarki Tunau a kafaɗa, ana kaɗa tambari, mata na guɗa, maroƙa na kiransa Zakin da ya fasa Bargazo da kwakwa ɗaya. Aka zaga da shi kasuwa, aka bi da shi ta gaban gawar Anaruwa ya yi addu'a, aka gangara da shi hanyar teku. Ba wanda ya ce a nufi can, ƙafafu ne kawai suka san hanya. A bakin ruwa Magajiya na tsaye tare da sauran masu zaɓen sarki, ga kwalekwale, ga goran ruwa a ciki.

Madawaki ya sha gabanta. “Ranki ya daɗe, iska ba ta ƙare ba tukuna.”

“Wa kake jira, Madawaki? Wanda zai tsallako ya kalli hayaƙi? Mun zauna, mun duba. Baƙin bana an sallame su ba su ga kunkuru ba, wasu kuma ba sa tafe.”

“Mutumin nan ya ceci ƙasa yau!”

“Ya cece ta, Allah ya saka masa. Ƙasar da ya ceta kuwa ita ce mai wannan doka. Da ya bar wa Bargazo, da yanzu ba doka, ba ni, ba kai.”

Madawaki ya dubi mayaƙansa, suka sunkuyar da kai, tsinin masunsu ya sake komawa ƙasa. Tunau ya ce a sauke shi. Ya tuɓe takalman sarauta ya miƙa wa Magajiya, ya shiga kwalekwalen da ƙafarsa, ya zauna. Ta sunkuya ta gyara masa bakin rawani, ta daɗe tana gyarawa fiye da yadda rawanin ke bukata.

“Kada ka sha ruwan duka yau,” ta ce.

“To, Gwaggo.”

Ita ta fara sa hannu, sauran suka taya ta turawa. Ruwa mai komawa ya ɗauki kwalekwalen a hankali, ya bi da shi ta mashigi, maroƙa na ta kirari daga gaɓa har muryarsu ta daina isowa.

A bayan duwatsu iska ta ɗauke ɗif. Jirgin Kaura na nan tsaye inda ta bar shi, ya kasa gaba ya kasa baya, mutanensa na ɗaure raunuka. Igiyar ruwa ba ta san abokin gaba ba, ta kai kwalekwalen har ya gogi cikin jirgin. Kaura Bagudu ya leƙo daga sama. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke zaune ba takalmi da gora a cinya, sannan ya sa aka jefa igiya.

“Maraba da baƙo,” in ji shi. “Hawo, Zaki, ka sha ruwa. Sai dai ka sani tun yanzu, mu a Bargazo ba ma sallama.”